MU LEƘA DUNIYA: Jirgin Da Ke Goya Jirgi

 

A wannan wata za mu ɗauki maganar kaya masu nauyi. Kowa ya san tirelar siminti. Buhu 600 take ɗauka, watau tan 30. In ta taho da lodi, ƙasa har rawa take yi, ƙananan motoci kuwa sai su ratse su ba ta hanya. To, akwai injin da shi kaɗai, guda ɗaya tak, ya kai nauyin lodin tirela 100. Ba ya rabuwa biyu, ba ya lanƙwasuwa, ga shi kuma a wata ƙasa mai nisa ake ƙera shi. Duk da haka dole ya ƙetare teku ya iso inda ake bukatarsa.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Wutar lantarkin da yara ke karatu da ita da dare, da man da ake zuba wa babur, da takin zamanin da maigida ke jira kowace damina, duk daga masana'antu masu irin waɗannan injuna suke fitowa. Bari mu ga yadda ɗan Adam ya koyi ɗaukar su a kan ruwa, da abin da koyon ya ci masa.

Dabarar mutanen dā

Matsalar ba sabuwa ba ce. Kimanin shekara 3,500 da suka wuce, wata sarauniyar Masar mai suna Hatshepsut ta sa aka sassaƙa dogayen ginshiƙai na dutse a Aswan. Aka ɗora biyu a kan wani ƙaton jirgin katako, ƙananan jirage masu yawa suka ja shi bisa Kogin Nilu zuwa Karnak. Hoton wannan tafiya yana nan a zane jikin bangon ginin da ta yi a Deir el-Bahari.

Amma ƙaƙa za a ɗora dutse mai nauyin ɗaruruwan tan a jirgi, alhali babu injin ɗagawa? Wani marubucin Rum, Pliny, ya ba da labarin wata dabara da aka yi a Masar. Ginshiƙin yana kwance a ƙasa. Sai aka haƙa magudana daga kogi ta bi ta ƙarƙashinsa, kansa a wannan gaɓa, gindinsa a waccan, kamar gada. Aka cika jirage biyu da duwatsu har suka lume cikin ruwa sosai, aka tura su ƙarƙashin ginshiƙin. Sa'an nan aka shiga kwashe duwatsun. Da nauyi ya ragu, sai jiragen suka taso, suka ɗauke ginshiƙin a bayansu.

Yara suna iya gwada wannan a gida. A cika baho da ruwa, a gitta sanda a bakinsa, a zuba tsakuwa cikin ƙwarya har ta iya shigewa ƙarƙashin sandar. A dinga tsince tsakuwar kaɗan-kaɗan, za ku ga ƙwarya ta ɗaga sanda. Ku riƙe wannan dabara, gama za mu sake gamuwa da ita nan gaba.

A 1877 mutanen Ingila suka so su kai irin wannan ginshiƙi daga Iskandariya zuwa Landan. Tsawonsa mita 21, nauyinsa wajen tan 200. Sai suka ƙera masa wata doguwar ganga ta ƙarfe, suka rufe shi a ciki, suka mirgina ta cikin teku, wani jirgi mai suna Olga ya ja ta. A watan Oktoba hadiri ya same su a tekun Biskay, yamma da Faransa. Mutum shida daga Olga suka shiga ƙaramin kwale-kwale don su ceto waɗanda ke kan gangar, ruwa ya ci su duka. Gangar ta ɓace, daga baya aka tsince ta, sai a Janairu 1878 ta isa Landan. Dutsen yana nan tsaye a bakin kogi, da sunayen mutanen nan shida a gindinsa.

Zamanin gunduwa-gunduwa

Sa'ad da injin tururi ya bazu, masana'antu suka soma ƙera manyan abubuwa. Amma ƙugiyar da ke kan jiragen kaya na lokacin, 'yan tan kaɗan take ɗagawa. Saboda haka sai a ƙera abu, a haɗa shi a gwada, sa'an nan a kwance shi gunduwa-gunduwa, a sa wa kowace gunduwa lamba, a zuba a akwatuna.

Haka aka yi da wani jirgin ruwa da Jamusawa suka ƙera a garin Papenburg a 1913. An kwance shi cikin akwatuna wajen 5,000, aka kai Dar es Salaam, jirgin ƙasa ya kai su Kigoma a bakin Tafkin Tanganyika. Can aka sake haɗa shi, bai shiga ruwa ba sai 1915. Shi ne wanda daga baya aka sa wa suna Liemba. A wajenmu ma, kayan shimfiɗa layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta Kogin Kwara aka hau da su zuwa Baro, ana jiran lokacin cikar kogi.

Wannan hanya tana aiki, amma tana cin lokaci da kuɗi. Akwati ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya cik har a aiko da wani daga Turai. Ƙarfe ya yi tsatsa a bakin teku. Ga kuma ƙwararrun makanikai da za a ɗauko a ajiye watanni ana biyansu don su sake haɗa abin da aka riga aka haɗa sau ɗaya.

Mutumin da ya ƙi kwance kan jirgi

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, ƙasar Beljiyam ta rasa kawunan jirgin ƙasa da yawa. Sai ta sayi guda 200 daga kamfanin Armstrong Whitworth na Newcastle a Ingila. Kan jirgi ɗaya yakan kai tan 80 ko fiye. Wani ɗan ƙasar Norwe mai jiragen ruwa, Christen Smith, ya ce ba sai an kwance su ba. Ya gyara jiragensa, ya kwashe kawunan a haɗe, suna sauka sai a ɗora su bisa dogo.

Da ya ga akwai kasuwa, ya sa aka ƙera masa jirgi musamman don wannan aiki. Sunansa Beldis, a 1924 aka gama shi. An yi masa faffaɗan bakin rumbu, da daɓe mai ƙwari, da ƙugiya tasa ta kansa mai ƙarfi, domin kada ya dogara ga ƙugiyar tashar da zai je. Wannan shi ne babban abin da Smith ya gane: ƙasashen da suka fi bukatar injuna, su ne tashoshinsu ba su da abin sauke injunan. Kusan dukan jiragen kamfaninsa da "Bel" sunansu ke farawa, kuma sun yi ta kai kawunan jirgi, da taragu, da ƙananan jiragen ruwa zuwa Kudancin Amurka da Asiya.

Jamusawa ba su yi barci ba. Kamfanin Hansa na birnin Bremen ya fito da jirgi mai suna Lichtenfels a 1929, ƙugiyarsa tana ɗaga tan 120, yana kai kawunan jirgi Indiya. Cikin shekarun 1950 maƙerar Stülcken ta Hambug ta ƙago wata irin ƙugiya mai dirkoki biyu a buɗe kamar gwafa. Hannun ƙugiyar yana iya ratsawa tsakaninsu ya yi aiki a rumbun gaba, ya juyo ya yi a na baya. A 1967 jirgin Hansa mai suna Uhenfels ya iya ɗaga tan 550 da ƙugiyoyi biyu suna aiki tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamfanin Hansa dai ya karye a 1980, amma dabarunsa sun wanzu.

Kwantena da man fetur

Abubuwa biyu suka mai da wannan aiki sana'a mai zaman kanta. Na farko kwantena ce. A 1956 wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a jirgi mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston. A hankali sai kusan dukan kayan shago suka koma cikin kwantena. Tsofaffin jiragen da a dā sukan ɗauki kowane irin kaya, har da injin ko biyu a samansu, suka soma ƙarewa. Kwantena kuwa ba ta wuce wajen tan 30. Abin da ya fi ƙarfinta dole a nema masa jirginsa dabam.

Na biyu man fetur ne. An sami mai a Tekun Arewa tsakanin Ingila da Norwe, sa'an nan farashinsa ya yi tsalle a 1973. Ƙasashe masu mai suka shiga gina matatu da masana'antu. A Nijeriya an buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna kuma a 1980. Injiniyoyi suka lura cewa gina masana'anta a tsakiyar teku, ko a hamada, ko a fadama, yana da tsada ƙwarai. Ya fi araha a gina ta ɓangare-ɓangare a maƙera mai kayan aiki, kowane ɓangare cikakke da bututunsa da wayoyinsa, a ɗauko a jera. Da girman ɓangaren, da saurin aikin. Sai aka shiga neman jiragen da suka fi na dā.

Mutanen Holan suka yi fice a nan, gama su tun fil azal da ruwa suke kokawa. Kamfaninsu mai suna Jumbo yana da jirage masu ƙugiya biyu, kowace tana ɗaga tan 1,500. In sun haɗu, tan 3,000 ke nan, lodin tirela 100 a ɗagawa ɗaya.

Jirgin da ke nutsewa da gangan

Amma akwai kayan da ba ƙugiyar da za ta taɓa su. Dandamalin haƙar mai a teku yakan kai tan dubbai masu yawa. A dā jan sa ake yi da igiya a bayan jirage, tafiyar hawainiya, watanni ana fargabar hadiri. Sai aka koma ga dabarar nan ta ƙwarya da tsakuwa, amma da ruwa a maimakon duwatsu.

Ga yadda abin yake. Jirgin yana da dogon baya shimfiɗaɗɗe kamar fili, cikinsa kuma tankuna ne da yawa. In an zo lodi, sai a buɗe wa ruwan teku ya shiga tankunan. Jirgin ya yi ta nutsewa a hankali har bayansa ya ɓace ƙarƙashin ruwa, ba abin da ake gani sai ɗakin matuƙa da waɗansu hasumiyoyi a kusurwa, waɗanda ke riƙe shi kada ya kife. Ƙananan jirage su jawo kayan yana iyo, su tsai da shi daidai bisa wurin da aka shirya masa da katakai. Sa'an nan famfuna su soma fitar da ruwan. Jirgin ya taso, bayansa ya taɓa gindin kayan, ya ɗauke shi sarai daga ruwa, kamar uwa ta sunkuya ta goya ɗanta. A can inda za a sauke, sai a maimaita.

Kamfanin Wijsmuller na Holan ya fito da Super Servant 1 a 1979, sa'an nan jiragen da ake kira Mighty Servant daga 1983. A 1993 ya haɗu da wani kamfani suka zama Dockwise, wanda kamfanin Boskalis ya saya a 2013.

Duniya ta san waɗannan jirage ta wurin hotunan jiragen yaƙi. A 1988 jirgin yaƙin Amurka, Samuel B. Roberts, ya taka nakiya a Tekun Fasha, Mighty Servant 2 ya goya shi zuwa gida. A Oktoba 2000 aka kai wa wani, mai suna Cole, hari a tashar Aden ta Yaman, sojoji 17 suka mutu, aka huda gefensa. Jirgin Blue Marlin ya ɗauke shi har Mississippi. A 2004 Blue Marlin ɗin nan ya ɗauki dandamalin mai na Thunder Horse, kusan tan 60,000, daga Koriya ta Kudu zuwa Texas. Lodin tirela 2,000 ke nan a kan jirgi ɗaya.

A 2013 aka fito da wanda ya fi shi, wanda yanzu ake kira BOKA Vanguard. Tsawonsa mita 275, fāɗin bayansa mita 70, yana iya ɗaukar tan 110,000. Ba shi da goshi kamar sauran jirage. Ɗakin matuƙa a gefe yake, saboda haka kaya yana iya zarcewa ta gaba da ta baya. A 2019 ya ɗaga wani jirgin fasinja mai suna Carnival Vista, wanda ya fi shi tsawo, daga ruwa a Bahamas, aka yi masa gyara a kan bayansa. Mutanen Sin ma suna da nasu, irin su Xin Guang Hua na 2016 mai ɗaukar tan 98,000.

Inda rai ke shiga haɗari

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Kwara ko Binuwai ya san abin da ke faruwa in mutum ya miƙe tsaye ya miƙa hannu zai ɗauko buhu daga gaɓa. Haka yake ga babban jirgi. Da zarar kaya ya rabu da ƙasa, jirgin yana jin nauyinsa kamar an ɗora shi can a tsinin ƙugiya, a sama kuma a gefe. Don haka ake tura ruwa zuwa tankunan ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan, daidai da yadda nauyin ke hawa igiya. Ƙugiya ta juya taki ɗaya, a tsaya, a daidaita ruwa, a sake juyawa. Ɗagawa ɗaya takan ci sa'o'i. Sannu ba ta hana zuwa.

In lissafin ya kuskure, ba a samun lokacin gyara. A Disamba 2003 jirgin Stellamare yana lodin injin wuta mai nauyin wajen tan 300 a tashar Albany ta Amurka, a bakin kwata, ruwa kwance, sai ya kife. Ma'aikata uku suka mutu. A Nuwamba 1999 Mighty Servant 2, wanda ya goya jirgin yaƙin nan, yana kan hanyarsa daga Singafo zuwa Angola da kaya, ya ci karo da wani dutse a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Singkep na Indunisiya, dutsen da ba ya cikin taswira. Cikin 'yan mintoci ya kife, mutum biyar suka rasu. A Disamba 2006 Mighty Servant 3 ya nutse don sauke kaya a Luwanda, kayan ya sauka lafiya, amma shi ya ci gaba da nutsewa har ƙasa. An ceci dukan ma'aikatan, jirgin kuma aka tsamo shi a 2007.

A tekunmu na Yammacin Afirka akwai wani haɗari dabam. A Mayu 2019 'yan fashin teku suka hau Blue Marlin kusa da Ikwatoriyal Gini. Ma'aikatan suka kulle kansu a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe har sojojin ruwa suka iso. Ba wanda ya ji rauni, amma an lalata ɗakin tuƙi.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne shirin tafiya ɗaya yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Tun injin yana kan takarda ake tambaya wane jirgi zai ɗauke shi, ta ina za a saƙala masa igiya. Tun ran gini, ran zane. Bayan an ɗora shi kuma, masu walda su kwana suna liƙa ƙarafa tsakaninsa da jirgin, domin igiyar ruwa kada ta motsa shi ko da yatsa ɗaya. Wakilin kamfanin inshora yana tsaye yana dubawa. In bai sa hannu ba, jirgi ba ya tashi.

Daga bakin teku zuwa wurin aiki

Isowar jirgi rabin tafiya ne. Misali mafi kusa da mu shi ne matatar Ɗangote a Lekki, gabas da Legas. Babbar hasumiyar da ke tace ɗanyen mai, kamfanin Sinopec ne ya ƙera ta a ƙasar Sin. Tsawonta wajen mita 112, watau ta fi filin ƙwallo, nauyinta ya haura tan 2,000. Ta iso a ƙarshen 2019. Akwai wani injin ma da ya fi ta, mai tan 3,000. Da an ce a sauke su a Apapa, ta wace hanya za a ratsa Legas da su, bisa wace gada? Dole kamfanin ya gina tasharsa ta kansa kusa da wurin aikin.

Daga tashar, sai aka ɗora su a kan wata irin mota marar kai, mai ɗaruruwan tayoyi. Kamfanonin Scheuerle na Jamus da Mammoet na Holan ne suka ƙago irinta a 1983. Ana haɗa su gefe da gefe gwargwadon girman kaya, kowace ƙafa tana hawa tana sauka da kanta don kayan ya zauna daidai ko hanya ba ta miƙe ba. Mutum ɗaya ke tuƙa su duka da ɗan akwati a hannu, yana tafiya a ƙasa kusa da su, gudunsu bai fi na mai tafiya da ƙafa ba. An buɗe matatar a Mayu 2023, an tsara ta don tace ganga 650,000 a rana, ta kuma soma fitar da mai a 2024.

Sabuwar tashar Lekki ma haka ta sami manyan ƙugiyoyinta na sauke kwantena. A 2022 wani jirgin kamfanin ZPMC na Shanghai ya kawo su a tsaye, a haɗe, suna tsawo kamar benaye bisa ruwa.

To, ina ga mu na nesa da teku? Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne. Babbar taransifoma ta tashar rarraba wuta takan kai tan 100 ko 200. Kafin ta taso, sai an bi hanyar kaf an auna kowace gada, an duba kowace kwana, an san inda za a ɗaga wayoyin wuta. Gada ɗaya mai rauni tana iya hana gari guda samun injin da ya riga ya ƙetare teku lafiya. Ƙasashen da ba su da gaɓar teku, irin su Nijar da Cadi, nasu ya fi wuya, gama sai kayan ya ratsa ƙasar maƙwabta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa manyan masana'antu ke taruwa a bakin teku.

Abin da ya shafi gidajenmu

Akwai wani gefen maganar da ya kamata iyaye su yi tunani a kai. A zamanin gunduwa-gunduwa, ko da yake ana shan wahala, a ƙasar da aka kawo kayan ake haɗa shi, 'yan ƙasa kuma suna kallo suna koyo. Yanzu da jirgi ke iya kawo masana'anta sukutum, aikin walda da haɗa bututu da sa wayoyi, wanda ke ciyar da dubban gidaje, a Koriya da Sin ake yinsa. Mu sai mu karɓa mu kunna.

Don haka ne Nijeriya ta kafa doka a 2010 cewa a riƙa yin wani kaso na ayyukan mai a cikin ƙasa. An ga amfaninta a kan Egina, wani ƙaton jirgin haƙo mai da ajiye shi. An ƙera gangar jikinsa a Koriya ta Kudu, aka jawo shi Legas a Janairu 2018, amma ɓangarori 6 daga cikin 18 da ke samansa a Nijeriya aka ƙera su, a Legas kuma aka ɗora su. Doka dai tana iya cewa a ba ɗan ƙasa aiki, amma ba ta iya riƙe masa sandar walda. Waldar da za ta riƙe tan 1,000 a cikin hadiri, ana haska ta da na'ura a ga ko akwai rami a ciki, kuma mai yinta sai yana da takardar shaida.

Saboda haka, in kuna da yaro ko yarinya mai son lissafi, ko mai son kwance abu ya ga cikinsa, kada ku kashe masa gwiwa. Kada kuma mu rena makarantar koyon sana'a, muna cewa sai aikin ofis. Akwai makarantar horar da ma'aikatan jirgin ruwa a Oron ta Jihar Akwa Ibom, da ta koyon aikin mai a Effurun kusa da Warri, da jami'ar aikin teku a Accra ta Gana. Nisa da teku bai hana ɗan Arewa shiga ba.

Kalma ta ƙarshe ga iyaye mata da direbobi. In irin wannan kaya ya ratso garinku, da motar rakiya a gaba tana walƙiya, ku riƙe yara. Kallo ne mai ban sha'awa, a bar su su gani, amma daga nesa. Direban ba ya ganin abin da ke gindin tayoyinsa na baya, kuma abu mai nauyin tan 200 ba ya tsayawa nan take. Mai mota ko babur kada ya yi ƙoƙarin wucewa a kwana ko bisa gada. Jinkirin rabin sa'a ba kome ba ne, wataƙila ma wutar unguwarku ce ke tafe.